Kalmar da Na Goge a Allo

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina koyar da matan aure karatu da rubutu a Daura, ranar da na goge kalma ɗaya a allo tana nan daram a raina.

Darasin ranar kalmomi masu ma'ana ɗaya ne, ni kuwa lokacin ji nake babu wanda ya kai ni sanin Hausa. Na rubuta "kurkuku", na shiga jero 'yan'uwanta ina baje kolin ilimi. Gidan yari, na ce, Yari sarauta ce ta mai tsaron ɗaurarru tun zamanin da. Gidan kaso daga bakin maƙwabtanmu na Nijar muka samo, su kuma daga Faransanci. Fursuna Turanci ne muka lanƙwasa. Na ƙara da wakafi, aron Larabci, na buga alli na ce duk abu guda ne.

Sai wata ɗaliba 'yar Mashi, wadda ba ta cika magana ba, ta miƙe.

"Malama, ki yi haƙuri, wakafi ba ɗauri ba ne."

Raina ya ɓaci. "Au, ni za ki koya wa?"

"Wanda aka ɗaure, alƙali ya same shi da laifi, ya san ranar fitarsa. Maigidana wata goma sha ɗaya ke nan yana wakafi, kan shanun da ya saya a kasuwa aka ce na sata ne. Ba a yanke masa hukunci ba. In kika bar wakafi a layin nan, gobe matan nan su ce mini matar fursuna, kuma da bakinki."

Ashe abin da ya kawo ta makarantar ma ke nan, ta iya rubuta masa wasiƙa da hannunta, kada wani ya ji sirrinsu. Wallahi kunya ta rufe ni. Na ɗauki tsumma na goge kalmar, na rubuta ta can gefe ita kaɗai, na ce ta maimaita bayanin da ƙarfi kowa ya ji.

Bayan damina kotu ta wanke shi. Ta zo aji da goro ta raba, ta miƙo mini nawa tana murmushi. "Malama, ya fito daga wakafi."

Tun daga ranar, ba na cewa kalmomi biyu abu guda ne sai na tambayi wanda ɗayarsu ta faɗo wa a ka.