Agogon Baba Mai Gaggawa

Kwana uku bayan Babbar Sallar bara ƙanena Sale ya shiga gidana a Haɗeja ba na nan, ya sa matata ta ɗauko masa agogon mahaifinmu daga kan tagar da nake ajiye shi in zan shiga ruwa, ya ba direbansa ya kai Kano aka buɗe shi. Bai kira ni ba, bai aiko kowa ba, alhali ina nan fadama ina sarar ciyawar kachala daga hanyar ruwa. Da na dawo matar ta ce, "Alhaji Sale ya ce agogon naka yana gudu, za a saita maka shi." Na zauna a dakali da lakar da ke ƙafata har aka kira la'asar.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce mene ne abin fushi, ai taimako ne. To bari in faɗi yadda agogon yake.

Baba manomi ne, kuma mai kwalekwale. Tun kafin a haife ni ya yi shekaru yana tuƙa wani Bature mai awon ruwan kogi, su bi ta nan su ɓulle ta wajen Miga, yana riƙe masa sandar awo. Ranar da mutumin zai koma ƙasarsu ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura wa Baba. Sai da na girma na ji cewa irinsa manyan attajirai ke sawa. Mu dai abin da muka sani shi ne yana da nauyi, ba ya cin batir, motsin hannu yake ci. In Baba yana noma ko yana tuƙi, agogo na ƙoshi. In ka kara shi a kunne za ka ji yana bugawa da sauri kamar zuciyar ɗan tsako. Ni da Sale har dambe muke yi a kan wa zai fara ji, Inna tana daka tana cewa za mu kashe mata kunne kafin mu kashe agogon.

Aibinsa ɗaya ne, gaggawa. Kullum sai ya ƙara kusan minti guda. Baba bai taɓa ɓoye wannan ba. Yakan ce, "Kowane ɗa da halinsa, nawa saurin ƙafa ne." Kuma ya gano masa dabara da kansa, ba wanda ya koya masa. In ya kwance shi ya ajiye fuskarsa na kallon sama, da safe zai tarar ya ƙara gudu. In ya kwantar da shi a gefe, ɗan kunnen da ake murɗawa yana ƙasa, sai ya rage kaɗan daga abin da ya ci da rana. Saboda haka akwai wani murfin kwano da Baba ya naɗe da tsumma, a nan agogo ke kwana a gefensa kamar mutum. Da safe in an dawo masallaci, Inna ta kawo koko, sai Baba ya kunna rediyo ya ɗora ni a gefen tabarma. Aikina in zuba wa tsinken agogon ido, da an buga ƙarfe bakwai in faɗi inda yake. Ni na fara karanta agogo kafin in iya rubuta sunana. In na faɗi daidai sai ya ja kunnen ya mayar da shi, ya ba ni ƙosai biyu daga nasa.

Kuma ba don ado ake wannan wahala ba. Da rani mu biyar muke haɗa injin ban-ruwa guda ɗaya a bakin kogi, kowa awa biyu. Alkama, tumatir, albasa, attaruhu, duk rayuwarsu tana cikin awa biyun nan, kuma Baba ne mai duba lokaci. Minti goma na ruwa kan iya raba zumunci. Na tuna ranar da maƙwabcin gonarmu Malam Buba, mutum mai faɗa kamar zakara, ya ƙi sakin tiyo.

"Malam Habu, agogon nan naka in ruwana ne doki yake hawa, in naka ne jaki!"

Baba bai yi musu ba. Ya aike ni gida da gudu na ɗauko rediyo, aka jira a gindin giginya har lokacin labarai ya yi. Ana bugawa, tsinke na kan sha biyu cif. Malam Buba ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce, "To ai shi ma mai rediyon wa ya san ko ɗan'uwanka ne." Aka yi ta dariya har shi kansa, ya miƙa tiyo. Mu yara muka koma kan aikinmu na korar tsuntsayen jan-baki da gwangwani, in rana ta yi zafi mu faɗa ruwa mu ciro bado.

Sau ɗaya tak aka taɓa buɗe agogon a rayuwar Baba, shekarar da ruwa ya ci shinkafarmu ya kuma shiga cikin gilashin. Ya kama hannuna muka je kasuwa wajen wani tsoho mai gyara da ke zama da ɗan akwatin gilashi. Tsohon ya ce a bar shi a dawo jibi. Baba ya gyara zama a kan benci ya ce shi ba shi da aiki sai jibin. A wajenmu ba a barin agogo wurin mai gyara a tafi, kamar yadda ba a kai mara lafiya asibiti a juya. Muka wuni a nan. Na ga cikinsa da idona, ƙananan ƙafafu masu haƙora da wani siririn gashi da ke numfashi. Da tsohon ya gama busar da shi ya sa mai, ya ce bari ya taɓa wani ɗan ƙarfe gudun ya daina. Baba ya riƙe masa hannu. "Bar min shi haka. Wannan na san ƙaryarsa. In ka sauya masa hali sai na sake koyon zama da shi, ga shi ana tsakiyar ban-ruwa."

Ina aji biyu na sakandare a Malam Madori ɓarin jikin Baba ya shanye. Aka zo aka ɗauke ni ranar Talata, akwatina ma sai daga baya wani ya kawo. Kwana biyu da kwanciyarsa agogo ya tsaya a hannunsa, don hannun ba ya motsi. Inna ce ta lura, ta fita bayan ɗaki tana kuka. Baba ba ya iya magana sosai, sai ya yi ta nuna ni da ido har aka gane. Aka ɗaura min shi, ya yi min yawa, na cusa tsumma a ƙarƙashin sarƙar. Washegari ni ne a bakin inji ina ce wa sa'o'in ubana lokacinsu ya cika. Shekara huɗu ya yi a kwance kafin ya rasu, kuma kowace safiya sai na kai masa rediyo da agogo. In an buga bakwai ya kalli tsinken, ya ɗaga yatsa ɗaya na hannun da ke aiki, bakinsa ya karkace. Dariyarsa ke nan a lokacin. Sale yana shiri da jakar makaranta a tsakar gida, ni ina mayar da minti guda baya. Shi ya yi karatu har ya zama abin da ya zama, kuma ban taɓa yi masa baƙin ciki ba, Allah ne shaida.

Bayan mako uku da ɗaukarsa direban Sale ya dawo da agogon cikin akwati mai laushi. Ba zan yi ƙarya ba, aikin ya yi. Da ma ya fara wuce minti biyar a rana, na san mansa ya bushe, ina ta cewa sai bayan girbi zan kai shi in zauna a kansa. Yanzu sai ya yi mako bai kauce da rabin minti ba, ko yaya ka kwantar da shi. Yau kowa da injinsa a gonarsa, kowa da waya a aljihu, ba mai tambayar wani ƙarfe nawa. Ni kaɗai na rage ina kunna rediyo da safe, kuma yanzu in an buga bakwai sai in duba in ga ba abin da zan yi da hannuna.

Ranar wata Juma'a Sale ya zo gari ya same ni a zaure, yana fara'a.

"Yaya, ya agogo? Ai yanzu ka huta. Da ka san abin da ake biya kafin su taɓa irinsa!"

Na ce ya zauna, ya zauna. Na ce, "Sale, yana tafiya daidai, na gode. Da ka faɗa min, da ni da kai za mu shiga motar nan mu je mu zauna a kansa, in ba ka labarin ubanka a hanya, don rabinsa ba ka sani ba. Ranar da aka cire ni daga makaranta ba wanda ya tambaye ni, na yi shiru don Baba yana kwance. Yanzu furfura ta cika min gemu. In za ka yi min alheri, ka fara tambayata."