Noti Goma na Kaumi

Hannun daman Kaumi bakanike a lanƙwashe yake kamar busasshiyar saiwa. Da hagu yake gaisawa, kuma a Potiskum ba mai ganin laifinsa.

Ya koyi gyaran mota a wajen Nweke, ɗan ƙabilar Ibo mai gareji kusa da tasha. Shekara tara yana shan ranƙwashi a kan abu guda: ɗaure kan inji. Noti goma ne, ana farawa daga tsakiya a yi waje, a zagaya sau uku, kowane zagaye a ƙara ƙarfi kaɗan. Wanda ya yi sauri, ƙarfen zai murɗe, ruwa ya haɗu da mai, mota ta mutu a daji.

A ƙarshen daminar 1966 aka shiga farautar mutanen Kudu a gari. Da hantsi aka cinna wa garejin wuta, Nweke ya faɗo gidan Kaumi ta katanga, ƙeyarsa na jini. Yakaka, matar gidan, ta tura shi cikin rumbu ta rufe. Motar Nweke kuwa sati biyu tana tsakar gidan nan, kan injinta ya tsage. Akwai kangon irinta a bayan ɗaki inda kaji ke ƙwai. Kaumi ya kori kajin, ya kwance kan injin kangon, ya kankare shi da kananzir, ya shimfiɗa gasket, faifan da ke hana yoyo, ya ɗora.

Yana noti na uku aka banke ƙyaure. Mutum bakwai ne da adduna da gora da mashi, Babaji ɗan kamashon tasha a gaba.

"Kaumi, ina ubangidan naka?"

"Ya gudu ya bar mini gawar mota. Ka gan ta."

"Kai da ko allura ba ka ɗauka, yau ka zama mai cin ganima?"

Suka farke katifa, suka fasa randa, suka soki jinka da mashi. Yakaka ta jingina da rumbu tana tankaɗe, ba ta ɗaga ido ba. Babaji ya sa aka danne hannun Kaumi a kan turmi da aka kifar, ya cicciɓi tsagaggen kan injin nan, ya sake tambaya. Kaumi ya dubi ƙasa. Ƙarfe ya sauka. Ƙarar ta yi kama da ta busasshen kara a ƙarƙashin kofato. Jini ya bi gefen turmin, yatsu uku suka kwanta inda ba wurinsu ba.

Ihu ya tashi wajen kasuwa, suka juya. Daga bakin ƙofa Babaji ya ce, "Ka gama mini ita da ɗaya hannun. Bayan la'asar zan zo in ɗauka."

Nweke ya diro daga rumbu, ƙaiƙayi har cikin gashinsa. Ya fizgi sifana ya kama notin gefe zai murɗe shi gaba ɗaya.

Kaumi na zaune a ƙasa, Yakaka na naɗe masa hannu da ɗankwalinta. Ya ce, "Oga, daga tsakiya."

"Za su dawo, Kaumi."

"Za su dawo. Daga tsakiya. Ko in tashi in rama ranƙwashina?"

Nweke ya saki wata dariya mai haɗe da kuka, ya koma tsakiya. Kaumi na ƙirgawa da haƙora a cije, har zagaye uku suka cika. Ana kiran azahar inji ya yi tari, ya kama. Nweke ya zura rigar Kaumi da hularsa, ya ja motar ya bi hanyar Gadaka. Da Babaji ya dawo ya tarar da wayam, sai ya ƙara wa Kaumi karayar haƙarƙari biyu.

Shekara huɗu ba labari. Kaumi ya koya wa hagunsa sifana, tsagaggen ƙarfen kuma ya zama mazauninsa na alwala. Bayan yaƙin basasa, wata ranar kasuwa, wani ramammen mutum mai furfura ya yi sallama, riga da hula a ninke a hammatarsa. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce, "Har gida motar ta kai ni. Ko ɗigo ba ta zubar ba."