Shekarar da Shinkafata Ta Ƙi Tsawo

Shekara talatin na yi ina aikin jirgin ƙasa a Kafanchan, inda na koyi cewa kowane abu da lokacinsa. Da na yi ritaya na koma noman shinkafa a fadamar gidanmu, ta wajen Gidan Waya. Shekara biyu a jere shinkafar tana yin tsawo har ƙirjina, iska ta zo ta kwantar da ita cikin ruwa, rabi ya ruɓe. A shekara ta uku aka sa bikin 'yata ta fari a watan Disamba, ni kuma na faɗa a gaban dangin ango cewa shinkafar gonata za a ci a bikin. Ban saba janye magana ba.

Na je wurin malamar gona ta yankinmu. Ta ba ni wata 'yar kwalba, ta ce maganin daidaita girma ne, yana hana kara miƙewa, ya sa shi kauri. Ta ce, "Baba, abu uku. Ka shuka da wuri, domin ta yi fure cikin sanyin damina. Idan furen ya haɗu da zafin Oktoba, ƙwaya ba za ta cika ba. Ka fesa da safe kafin rana ta yi zafi. Sannan kada ka wuce cikin murfin kwalbar sau ɗaya a tankin feshi."

Na rubuta ukun a bayan kalandar coci. Na shuka mako uku kafin kowa. Da kara ya fara yin gaɓa, na fesa da ƙarfe shida da rabi, murfi ɗaya daidai.

Sai shinkafa ta tsaya a ƙuguna.

A wajenmu da tsawo ake auna shinkafa. Mutum ya shiga gonarsa, in ta kai masa kafaɗa, a ce ya iya noma. Ƙanin matata, wanda gonarsa ke jikin tawa, ya shiga tasa har sai hularsa kawai ake gani, ya ɗaga murya: "Mijin yaya! Shinkafa ce wannan ko ciyawar filin ƙwallo? Baƙin biki su zo da cokalin shayi!"

Matata ma ba ta ƙyale ni ba. Ni gajere ne, sai ta ce, "Baban yara, ai gado ta yi. Ka ƙara mata taki mana, kada mu ji kunya."

Na ɗauko buhun takin har bakin ƙofa. Na dubi kalanda, babu taki a cikin abubuwa ukun. Na mayar da buhun.

Wata Laraba da rana, a ƙarshen Satumba, hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Da ruwa ya tsaya muka tafi fadama, ni a gaba, matata a baya. Gonar ƙaninta ta kwanta kamar tabarma. Tawa tana tsaye, kawunanta sun sunkuya don nauyi. Na murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, na ciza ƙwayar, na ji ta cika. Matata ta yi guɗa, ta fara waƙar godiya ta zumuntar matan coci, tana rawa cikin laka. Ni ba na rawa, amma na cire hula.

Washegari muka taya ƙanin nata ɗaure tasa dami-dami a tsaye, muka ceci abin da ya samu.

Ranar biki tukwane bakwai aka ɗora, duka daga fadamata. Ƙanin matata ne ya yi ta rabon abinci. Da ya iso gabana ya cika mini faranti, ya soka cokalin shayi a kai, ya sunkuyo ya ce, "Mijin yaya, murfi nawa ka ce a tanki?"

Na ce, "Ɗaya. Amma abu uku ne, kuma ba shi ne na farko ba. Kawo biro ka rubuta."