Mai Akuya Daban, Mai Kiwonta Daban

Zahara'u ƙanwata ce, kuma duk wanda ya sake cewa ita ta kashe awakin garinmu Safo, wallahi ni da shi ne.

Cikin awaki ta tashi. Innarmu Tani ba ta taɓa mallakar garke ba, kiwo ake ba ta. Mutum zai tafi cin rani Najeriya, ya kawo jar akuyarsa ya ɗaure a gidanmu, in ta haihu a raba 'ya'ya. Da haka Inna ta riƙe yarinyar nan a lekol har ta gama karatun ordinata, wato kwamfuta, a Maradi. Amanar da ake ba Inna ita ce abincinta, ba ta da wani.

Wata ƙungiya a Madarunfa ta ɗauki Zahara'u ta rubuta musu furogaram da zai riƙa aika saƙo ta salula in masu rigakafin dabbobi za su zo gari. Ta taɓa yi mini bayani, ni da ban san komai ba sai tuƙin mota. Ta ce kafin ka sa akuya ko ɗaya cikin ordinata, sai ka fara tsara abin da suke kira kilas. Kamar akwatin buga bulo ne, yadda ka ƙera shi haka kowane bulo zai fito. A nan kake faɗin abin da akuya take da shi da abin da za a yi mata. Ta sa shekaru, ta sa gari, ta sa mutum biyu: mai akuya da mai kiwonta, saƙo kuma ya je wa mai kiwo.

Shef ɗinta, wato mai gidanta a wurin aiki, Mushe Abdul Aziz, ya duba ya taɓe baki.

"Ƙanwata, kilas mai kyau ba ya son tarkace. Akuya ɗaya, mai ita ɗaya. Cire mai kiwon nan."

"Mushe, mai ita yana Kano, akuya tana Safo."

"Sai ya kira gida mana."

Ya kira gida! Mutumin da ya cire layin Nijar tun a Ɗan Isa, bakin iyaka? Ta yi gardama har ya ce in ba ta iya ba akwai masu jira a waje. Ta cire. Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba, amma sabuwar ɗauka ta yi yaya?

Masu rigakafi suka zo da damina, suka yi wa awakin da masu su ke gida, suka tafi. Inna tana can tunga da nata na kiwo, salula ɗaure a bakin zane, ko ƙara ba ta yi ba. Da ciwo ya shigo, zawo da majina, suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Masu su suka dawo suka tarar da igiyoyi.

Me ƙungiya ta ce? Wai kuskuren mai rubutawa ne. Tir! Shi kuwa Mushe ko gezau, har yau yana kan kujerarsa. Ya sa ta mayar da abin da ya sa ta cire, ta gama tsakanin azahar da la'asar. Aikin ke nan fa, jama'a.

Bana ko ɗan taure ba wanda ya kawo wa Inna. Wai hannunta ba ya kiwo. Jiya na iske ta tana miƙa wa akuyar maƙwabta harawa ta kan darni. Matar gidan ta fito, ta gaishe ta da ladabi, ta janye akuyarta.