Sarkin da Ba Ya Sunkuyawa

Shekara shida na yi a waje ina karatun tsofaffin wasannin kwaikwayo da zamanin da aka rubuta su. Na dawo da takarda, amma har yau ban tabbata ba ko na san mutanen cikinsu, ko shekarunsu kawai na haddace. Gwaggo ce ta jefa ni cikin wannan kokwanto.

Ƙanwar mahaifina ce. Mijinta ya rasu tana da ƙuruciya, ya bar mata keken ɗinki da 'ya'ya uku. Keken ne ya samo mata aiki a kwalejin da nake koyarwa yanzu. Shekara talatin tana ɗinka wa 'yan wasa kaya a wani ƙuntataccen ɗaki bayan dandali, mai taga ɗaya da zafin dutsen guga. Karatunta bai wuce aji huɗu ba.

Sai in shiga aji in tarar rabin kujerun babu kowa. Ɗalibaina suna can wurinta, zaune kan buhunan ƙyalle suna dariya. Abin ya ci min rai, har gaisuwar da nake mata ta fara gajarcewa.

Ran nan muna gwaji, na ce wa mai fitowa a sarki ya sunkuya ya ɗauki wasiƙar da ta faɗi. Sai ga muryarta daga bayan labule.

"Dokta, wannan sarkin ba ya sunkuyawa."

"Gwaggo, marubucin bai hana ba."

"Rigar ta hana. Dubi tsohon zanen hoton sarkin da ka ba ni, maɓallan duk a baya suke. Wanda sai mutum biyu sun sa masa riga, shi zai ɗauki takarda a ƙasa? Tsayawa zai yi ƙyam har wani ya rarrafo."

Aka gwada haka. Bayanin da na yi mako uku ina yi kan sarki da barorinsa ya fito a tsayuwar nan ɗaya. Ɗaliban suka tafa, kuma ba ni suke kallo ba. Zanen nawa ne, na kalle shi ya fi sau ɗari ban ga maɓalli ba.

Da aka watse na same ta tana warware wani ɗinki. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Gwaggo, ba za ki bar min ɗaliban nan ba?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni na kira su, ɗan nan? Gobe ka zo da kujerarka da littafin naka, ka yi darasin a nan. Ni ma na daɗe ina son jin abin da ke cikin wasiƙar."