Ku Bar Shi Ya Taka

A shekarar da Yayana ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa a Gummi, ɓarin jikinsa ya shanye, hankalina ya ƙi kwanciya. Shekara huɗu kawai ya ba ni. Cinmu iri ɗaya, ƙibarmu iri ɗaya, har Inna takan ce idan muka juya baya ba ta bambanta mu. Da na dawo Anka daga dubiya ban ko biya gida ba, na wuce asibiti na miƙa hannu aka auna ni.

Ma'aikaciyar ta duba abin awon, ta dube ni, ta sake aunawa. Ta ce jinina ya hau. Ta ba ni magani, ta ce a rage gishiri da magi, in bar shayi mai kaurin sukari, sannan kullum da safe in yi tafiyar rabin awa a ƙafa, da ɗan sauri, har in ji gumi. Ta ce tafiyar ba ta da kuɗi, kowa na iya yinta. Na lura ita dai ba 'yar garinmu ba ce.

Na gishiri bai ba ni wahala ba. Uwargida ta ƙara daddawa a miya, na yi ta ɓata fuska kwana biyu, na saba. Tafiyar ce ta zame mini aiki.

Shekara ashirin da wani abu ina koyarwa a firamare. Rabin masu babur a garin nan sun zauna a ajina, wasu na ja musu kunne. A wajenmu kuwa ba a wuce babba yana tafiya a ƙasa kai kana bisa babur. Abin kunya ne, har gida za a kai ƙararka. Shi ma babban, idan aka tsaya masa ya ƙi hawa, to ya nuna akwai wata a ƙasa tsakaninsa da kai.

Ranar farko na fito bayan sallar asuba, ban kai bakin kasuwa ba wani tsohon ɗalibina ya taka birki a gabana, magidanci da gemunsa.

"Malam, lahiya? Ina mashin ɗin naka?"

Na ce yana gida, motsa jiki nake yi.

"Wane irin motsa jiki ina nan da raina? Hau in kai ka."

Na ce ba inda za ni. Fuskarsa ta canza, ya tambaye ni ko wani laifi ya yi mini. To me zan ce? Na hau. Ya kai ni har ƙofar makaranta, inda ba ni da aiki sai bayan awa biyu, ya tafi yana jin daɗi.

Haka muka yi ta yi. Na canza hanya, na bi lungu, suka same ni a lungun. Na ce in fita bayan gari, amma kowa ya san yadda daji ya zama yanzu, ba mai yawo a hanyar gona don nishaɗi. Na gwada zagaya tsakar gida, na yi ta kewaya turken awaki har uwargida ta ce ina sa mata jiri. Wata safiya sau uku ana ɗaukata, na dawo gida ban yi taku ɗari ba. Kafin wata ya ƙare magana ta kai wa Inna a Nasarawar Burkullu cewa na sayar da babur, ina yawo a ƙasa kamar wanda abu ya taɓa. Ta aiko a tambaye ni abin da ya same ni.

Ina ba da labarin ana dariya, ni ma ina yi, amma a raina tsoro nake ji. Hannuna na ɗan yin sanyi sai in tashi in yi ta murza shi. A aji in rubuta layi ɗaya a allo, in tsaya ina duba ko yatsuna na riƙe alli daidai. Na koma awo, jinin bai sauka yadda ake so ba. Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko ina tafiyar, na ce ina ƙoƙari.

Bayan damina aka kawo Yaya gidana, don a nan akwai mai gasa masa ƙafa. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa sai ka kasa kunne. An ce a riƙa fita da shi yana takawa. Sai na riƙa kama shi ta gefen da ya mutu, muna jan ƙafa daga ƙofar gida zuwa gindin wani itacen bedi mu dawo. Masu babur kan rage gudu su ce Allah ya ƙara sauƙi, su wuce. Sai dai tafiyar Yaya ba ta sa mutum gumi.

Wata safiya da muka kai gindin bedin ya zame hannunsa daga nawa, ya jingina da itacen.

"Tahi," in ji shi. "Yi taka da sauri, ka iske ni nan."

Na tafi. Ban yi nisa ba na ji ƙarar babur a bayana, ta tsaya. Wannan mai gemun ne dai, har ya matsa gaba ya gyara mini wurin zama. Na ɗaga ƙafa zan hau, don na gaji da gardama.

Sai na ji muryar Yaya, wadda tun faɗuwarsa ban ji ta fito haka ba. Ya saki itacen, yana tangaɗi, yawu na zuba a gefen bakinsa.

"Kai! Ku bar shi ya taka! Ni duk wanda ya tsaya man hawa nikai. Shekara talatin ban ce ma kowa a'a ba. Dube ni!"

Mai babur ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya kashe injin, ya kafe babur ɗin, ya je ya riƙe Yaya ta gefen da na saba riƙewa.

"Malam, tahi abinka," ya ce. "Ina nan tare da shi har ka dawo."