Abin da Yaya Habibu Ya Rubuta a Jikin Tiyo

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Yaya Habibu, bakanike ɗan Damagaram da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a nan Madina yana gyaran manyan motocin alhazai a wani gareji kusa da Bi'ir Ali. Duk shekara nakan ɗauki biro in fara rubutu a kansa, in kai tsakiya in yage. Bana ba zan yage ba, ko da zan sha kunya a idon masu karatu.

Ni Rabi'u ne, Bakano, gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya kawo ni ƙasar nan. Wasan Kanawa da Damagarawa ne ya haɗa mu, don tun ranar farko ya laƙaba mini "Bakano sarkin gaggawa", ni kuma na ce da shi mai tafiyar hawainiya. Ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce masa Yaya.

Mutumin nan ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa. Abin sonsa ɗaya ne: wata tsohuwar motar tsere 'yar Japan ta shekarun saba'in, mai ƙofa biyu da dogon hanci, wadda masu sha'awarta ke kira Zed. A tashlih ya tsinto ta, wato inda ake jibge matattun motoci, ba gilashi, ba kujeru, kyanwa har ta haihu a ciki. Shekara huɗu muka yi muna tayar da ita a tsakar gidan da yake haya, duk Juma'a bayan la'asar. Doka ɗaya ya kafa: ba a saka mata jabu, ko noti ne. Sai ya yi wata uku yana jiran roba ɗaya daga Japan, ina yi masa tsiya, shi kuwa ko a jikinsa.

Yana da wata ɗabi'a da na ɗauka shirme ce. Kafin ya ɗaura kowane kaya, sai ya juya bayansa, inda ido ba zai gani ba in an ɗaura, ya yi rubutu da farin alƙalamin fenti, da ajami. Da na tambaye shi sai ya ce, "Mota ba ta magana, Bakano. Wanda zai buɗe bayana nake bar wa saƙo."

To ga abin da nake yagewa duk shekara. Wata Juma'a ya tafi kai matarsa, Hajiya Mariyama, asibiti, ya bar mini tiyon lagireto na asali da ya daɗe yana jira, ya ce in ɗaura. Na tura ya ƙi shiga. Maimakon in jiƙa shi a ruwan zafi yadda ya koya mini, sai na sa sukundireba na danna. Tiyo ya yage. Na ruga shagon kayan mota na sayo wani baƙi mai kama da shi, na banza, na ɗaura, na goge hannuna. Da ya dawo ya leƙa ya ce madalla, ni kuma na yi gum.

Bayan sati uku, ranar wata Talata a tsakiyar zafi, ya ɗauki Zed zuwa Khaibar sayo dabino. A hanyar dawowa, da rana tsaka, tiyon ya fashe, mota ta tafasa a inda ba gida ba inuwa, waya kuma ba ta kamawa. Ya taka da ƙafa neman taimako, ga shi da ciwon suga. Wani mai babbar mota ne ya tsince shi a gefen titi. Kwana biyu ya yi a asibiti bai farfaɗo ba, Allah ya karɓi abinsa. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma ni na san hannun da ya ɗaura tiyon, kuma tun daga ranar tambaya ɗaya ke cina: shin ya mutu ya san abin da na yi masa?

Da aka jawo motar gida, ni na cire tiyon da ya fashe. Na kawar da kai na cusa shi a baƙar leda, na tura ƙarƙashin safayar taya a but ɗin motar. Ban duba jikinsa ba. Tsoro nake kada in ga farin fenti.

Hajiya Mariyama ta ce ba za a sayar da motar ba, ta miƙa mini mukulli ta ce in ci gaba da kula da ita. Haka na ci gaba da zuwa duk Juma'a, ni kaɗai. A nan ne Yaya Habibu ya fara yi mini magana.

Kada mai karatu ya ce na zautu. Na san matacce ba ya dawowa, ina kuma neman tsari da faɗin abin da ba haka ba. Amma ku saurara. A shekara ta biyu mai ya fara ɗiga daga murfin inji. Na ɗauko sifana da niyyar in ƙara matse notin da ƙarfi, sai wata zuciyar ta ce in ɗaga murfin tukuna. Ina juya shi na ga rubutu: "Bakano, a hankali. Ba ƙarfi ake nema ba." Wallahi sifanar faɗuwa ta yi daga hannuna. Unguwar tsit, rana ta kori kowa, ba motsin komai sai ƙarfen injin da ke ƙas-ƙas yana hucewa. Na waiga bayana sau biyu.

Daga nan abin ya zama jiki, amma tsoron bai tafi ba. Na kwance kafireta, na tarar da "Ka wanke hannu tukuna," kuma hannuna baƙi ƙirin yake. Na cire fitilar baya, na ga "Ba nan matsalar take ba, duba waya ta ƙasa," kuma can ɗin take. Ya san inda zan fara kuskure tun kafin in yi. A bayan kujerar direba, wadda har yau ban matsar da ita daga tsawon ƙafarsa ba, ya rubuta: "Wanda ya iso nan ba ni, ya yi mini addu'a." Ranar a cikin motar na zauna, ƙofa a buɗe, har aka kira magariba, ina jin kamar in na juya zan gan shi a kujerar gefe da kofin shayinsa.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kowane rubutu na gani sai in ce yau zai ambaci tiyo. Har kayan da ba su lalace ba na riƙa kwancewa, ina neman kalma ɗaya, ko ta zagi ko ta yafiya. Ledar nan kuwa tana but, na san inda take kamar yadda mutum ya san haƙorinsa mai ciwo.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samarin unguwar Al-Khalidiyya yanzu da waya suke odar kaya, sati biyu ya iso. Irin motar da ya tsinta a juji, yau rububinta ake yi. Wasu su yanke salansa don ƙara, wasu su zare injin asali su dasa wani. Na san zai girgiza kai ya ce sun cire wa tsohuwa zuciya sun bar mata kwalliya. Motocin lantarkin nan da ke wucewa shiru kuwa, cewa zai yi abin da ba ya tari ba a sanin ciwonsa.

Bana Hajiya Mariyama ta yanke shawarar komawa Damagaram gaba ɗaya, wani mutumin Jidda kuma zai karɓi motar. Ta ce in kwashe tarkacen da ke ciki. Juma'ar da ta wuce na ɗaga safaya, na ɗauko ledar. Robar ta bushe ta tsattsage. Na yi bismillah na juya ta ɓangaren da ke fuskantar inji. Fentin ya dushe, amma ana karantawa:

"Na Rabi'u ne. Jabu ne. A canza bayan ya tafi hutu, kada ya ji kunya."

Saura kwana tara in tafi hutu Kano ranar da ya ɗauki hanyar Khaibar. Ashe ya gani. Ya kwanta ƙarƙashin mota ba na nan, ya rubuta, ya fito ya ci gaba da tsokanata kamar ba komai. Kara ya yi mini, karar nan kuma ita ta raka shi cikin rana. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarsa.

Na ɗauki tiyon na tsaya a bakin ƙofar ɗaki na yi sallama, na faɗa wa Hajiya komai daga bayan labule. Ta ce, "Shi ya rufa maka, Rabi'u, kai kuma ka zo ka buɗe mini. Da ka bar ni da abin da na sani." Na ce ta yafe mini don Allah. Ta ce, "Na yafe, tunda shi ya riga ni. Amma kada ka raka ni filin jirgi."

Me ya rage na Yaya Habibu? Mota za ta tafi Jidda da saƙonninsa a cikinta, wurin mutumin da ba ya jin Hausa. Matarsa za ta tafi da nauyin da na sauke daga kaina na ɗora mata. Abin da ya rage a wurina shi ne sanin cewa na zauna da mutumin da ya fi tausayin fuskata fiye da yadda na ji tausayin ransa. Allah ya jiƙansa, ya rufa masa asiri ranar tonon asiri.

Jiya bayan la'asar na shiga maƙabartar Baƙi'a, inda aka binne shi, don in faɗa masa da bakina. Kaburburan nan ba a rubuta musu suna, duwatsu ne kawai a jere, kuma shekara bakwai ta shafe mini wurin. Na yi ta zagaye har masu gadi suka fara sallamar mutane. Da na ga za a rufe ƙofa, sai na tsaya a tsakiya, na yi wa kowa sallama, na faɗi laifina da ƙarfi.